Injin da Hure Ta Hana a Sayar

Mutanen Tudun Marke manoma ne tun kaka da kakanni, kuma saninsu da ruwa bai wuce ya sauko daga sama ko a jawo shi da guga ba. Sai gwamnati, a shekarun da kuɗin fetur ke yi mata ƙaiƙayi a tafin hannu, ta zo ta datse rafin da ke gabas da gari. Ruwa ya taru ya zama dam, ya shiga tsakanin mutane da rabin gonakinsu, ya raba su da hanyar kasuwar Makoda. Mai gona a ƙetare sai ya zagaya, ya fita da sassafe ya isa rana ta take. A nan ne Nababa ya yi abin da gari ya kwana yana yi masa dariya a kai: ya sayar da shanun nomansa, ya sayo jirgin katako da injin da ake maƙalawa a bayansa. Kafin damina biyu, duk wanda ya yi dariyar ya zauna a jirgin nan, ya riƙe gefensa gam yana karanto duk addu'ar da ya haddace.

Sai fari ya zo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Ta biyu, wadda aka canja kuɗi aka rufe iyaka, ko irin da aka zuba bai dawo ba. Dam ya yi ta ja da baya har ya zama ɗan kududdufi can tsakiya, jirgin Nababa ya zauna a kan busasshen laka, awaki na hawa suna sauka. Mutane suka koma ratsa dam da ƙafa, suna cewa ai ko ba komai fari ya sauƙaƙe musu kuɗin fito.

Nababa ya kwance injin ya ɗora wa jaki ya kawo gida. Ya kafa turaku biyu a kusurwar tsakar gida, daidai ƙarƙashin indararo, ya gicciya katako mai kauri ya maƙala injin a tsaye, ƙafarsa mai farfela tana rataye cikin wani duro da ya yanke wa baki. Ya yi masa rumfar kara. Da rumbu ya nuna gindinsa, ya shirya tafiya ci-rani Kudu kamar sauran maza, sai ya kira matarsa Hure bakin duron.

Hure ba baƙuwar injin ba ce. Shekara da shekaru ita ke riƙe masa faifai yana zuba kusoshi a ciki in yana gyara, tana miƙa sifana, tana kallo, tana kuma ba shi shawarar da bai tambaya ba. Mace ce doguwa mai ƙashi, ta haura arba'in, 'ya'yanta mata biyu suna gidajen mazajensu, mazan da ta haifa kuwa duk sun koma tun suna goye. Daga ita sai surukarta Inna Asama'u, tsohuwa da idonta ya rufe, za a bari a gidan.

Nababa ya ce, "Inji a ajiye ya fi inji a bakin aiki saurin mutuwa. Ki riƙa tayar da shi yana motsa jini. In za ki kashe, cire tiyon mai ki bar shi ya shanye na cikinsa ya mutu da kansa, don kada man ya kwana ya zama ƙaro. Ki shafa giris duk inda kika ga ina shafawa. Kada a kwantar da shi."

Ta ce, "Duk na sani."

"To ga wanda ba na son ki manta ko cikin barci. Kada a tayar da shi duron nan babu ruwa. Ba injin niƙa ba ne. Akwai wata 'yar roba a ƙafarsa mai zuƙo ruwa tana sanyaya shi, in ta juya a bushe ƙonewa take, shi kuma ya bi bayanta. In ya tashi ki dubi wannan hudar. In kin ga yana fitsari, lafiyarsa lau."

Ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya damƙa mata. Sabuwar roba ce, baƙa, mai fukafukai. Ya ce ita kaɗai ta rage masa, kuma yanzu ko Kano aka je da ƙyar a samu. Hure ta kai ta ɗaki ta sa a kwanon ƙarshe na ƙasan jerenta. Nababa ya yi sallama da mahaifiyarsa ya tafi.

To, faɗar ki riƙa tayar da shi ba ta da wuya. Wuyar tana ga ruwan. Rijiyoyin gari sun ja ƙasa, mata na kwana layi a kan tulu guda, wa zai ba ka na cika duro don ƙarfe ya sha? Sai Hure ta koma kududdufin tsakiyar dam. Yunwa ta riga ta buɗe ƙofar kulle a garin, ba mai tambayar matar aure ina za ki. Takan ratsa tsattsagaggen lakan nan da tulu a ka, ta ɗebo ruwa ja kamar kunun kanwa, ta daka ƙwayar zogale ta barbaɗa, ta bari dattin ya kwanta, sannan ta tsiyaye mai kyan. Laka na toshe cikin inji, ta ji Nababa ya sha faɗa. In ta gama tayarwa sai ta kwashe ruwan duron ta mayar randa ta rufe, ta goge ƙafar injin ta bushe. Randa kuwa ba ta riƙe amana a wannan zafin, kullum sai an yi mata ciko. Fetur ma sai ta saƙa faifai ta ba wani mai babur ya tsiyaya mata a 'yar kwalba, ta gauraya da baƙin mai yadda ta ga ana yi.

Duk ranar da ƙarar injin ta tashi, gari sai ya samu abin taunawa, tunda ba tuwo. Mata a bakin kududdufi suna cewa, "Sannu Hure, yau ma wankan jaririn ne? Allah dai ya raya, kin samu ɗa namiji a ƙarshe." Maganar takan soke ta har ƙashi, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma sai ta gyara gammo ta ce, "Amin. Shi dai nawa ba ya kukan tuwo." Ta ɗauki tulunta ta yi gaba.

Ana nan, rani ya yi nisa, sai Basiru ya dawo daga Kudu. Maƙwabcinsu ne, tare suka tafi da Nababa, ya dawo ne don kada shuka ta same shi a waje in Allah ya sa an yi ruwa. Ya zo da ɗan garin rogo a leda da saƙon baki. Nababa yana dako a wata tasha, abin ba daɗi, ba shi da na mota balle na aike. Nababan ya ce a faɗa wa yayansa Muhammadu Sani ya sayar da injin a sayi hatsi.

Muhammadu Sani shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinsu. Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne da bakuna goma sha wani abu ke buɗe a gabansa kowace safiya, kuma tun farko bai taɓa yafe wa ƙaninsa sayar da shanun nan ba. Ya shigo da la'asar ya gaida Inna, ya tsaya nesa kamar yadda wan miji ke yi. Hure ta durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, kanta a sunkuye.

Ya ce, "Kin ji saƙon maigidanki. Na yi magana da wani Alhaji Tasi'u a Dawanau, yana da masu kamun kifi a wani babban dam da bai ƙafe ba. Zai ba da gero, buhuna. Zai zo ya gani."

Hure ta ce, "Yaya, a yi haƙuri. Ba za a sayar ba."

Ya ɗauka kunnensa ne. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa masa kalma biyar a jere ba. Ya ce, "Me kika ce?"

"Na ce ba za a sayar ba. Amana aka ba ni."

"Wanda ya ba ki amanar shi ya ce a sayar! Ƙarfe za mu tuƙa mu ci? Dubi Inna, dubi wuyan hannunta. Ina ruwan da za a sa jirgin? Kin ga alamar hadari a sama?"

Ta ce, "Ban gani ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya tsaya yana huci, ya rasa ta inda zai kama, don dattijo ba ya sa-in-sa da matar ƙaninsa a ji a waje. Ya ce magana ta ƙare, mai abu ya yi umarni, ya kaɗa riga ya fita. Bai faɗa mata ranar da Alhajin zai zo ba, kuma da gangan ya yi hakan.

Ranar da suka zo, Hure na can tsakiyar dam da hantsi tana cika tulu. Duro a bushe yake ƙaƙas, ruwan na randa a rufe a ɗaki. Alhaji Tasi'u ya shigo da direbansa, Muhammadu Sani na gaba, 'yan kallo na biye. Alhaji ya zagaya injin ya ga yana ƙyalli, ko ɗigon tsatsa babu, ya ce to a tayar ya ji muryarsa, ba ya sayen abin da bai ji kukansa ba. Direban ya san mota, ya san injin niƙa, ya ce ai inji inji ne. Ya ga ɗan tankin a gefe, ya jona tiyo.

Inna Asama'u daga kan tabarmarta ta ce, "Ku jira Hure. Ruwa take zuba masa kafin ta ja."

Muhammadu Sani ya ce, "Inna, ruwa ai don a tura jirgi ne. Yanzu ina jirgin? Wa ya taɓa jiƙa inji don ya tashi? Ko na niƙa in hadari ya taso rufe shi ake. Wannan camfin mata ne kawai."

'Yan kallo suka gyaɗa kai, don maganar ta yi daidai da duk abin da manomi ya sani. Direba ya ja igiya. Injin da aka sha kula da shi bai yi gardama ba, ja ɗaya ya kama, ya ɗauki ƙara fiye da kullum tunda ba ruwan da zai danne muryarsa. Alhaji ya yi murmushi ya ce a ƙara masa wuta.

Ƙarar ta iske Hure tulu na kanta. Ta tsaya cak. Ba wani inji a duniyar nan mai wannan muryar, kuma ta san abin da ta bari a duro. Ta saki tulun ya tarwatse, ta tattare zane ta zura da gudu, mace mai jikoki, lakan na yankar ƙafarta ba ta ji ba. Tun daga zaure warin ƙonanniyar roba ya tare ta. Ta ratsa tsakiyar maza ba sallama ba sunkuyawa, ta ture hannun direban, ta danna makashin. Injin ya yi shiru. Hayaƙi na fita ta inda bai taɓa fita ba, hudar fitsarin nan a bushe.

Direba ya kai hannu kan injin ya janye da sauri yana yarfewa. Ya dubi maigidansa ya ce, "Alhaji, wannan ya ƙone. Daga waje ne kawai yake da kyau." Alhaji Tasi'u ya toshe hanci da bakin rawani ya ce shi ba ya sayen gawa, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya nufi motarsa. Buhunan gero suka bi shi.

Muhammadu Sani ya juyo, idonsa ja. "Kin gani? Kin gani ko? Ke kika kashe shi! Kullum tsoma shi a ruwa, kullum tsoma shi a ruwa, har tsatsa ta cinye cikinsa. Kin hana mu shanu, kin hana mu gero." Shanun ba ita ta sayar ba, amma mai fushi ba ya tsayawa tantancewa.

Hure ta buɗe baki. Gaskiyar na kan harshenta, da zafinta, saura kaɗan ta ce ku ne kuka ƙona roba, kuma roba ce kawai, ga sabuwa a ɗaki. Sai ta hango ƙurar motar Alhaji tana nisa, ta fahimci abin da jahilcinsu ya yi mata wanda bakinta ya kasa. Ba mai sayen mataccen inji. Ta rufe bakin, ta durƙusa, ta ce, "Yadda ka ce, Yaya." Ta bar gari ya tafi da labarin cewa Hure ta kashe injin mijinta da wanka.

Da gida ya watse, injin ya huce, ta cire fulogi ta kama igiya ta ja a hankali. In da ya cije, da shi ke nan. Igiyar ta biyo hannunta sumul, cikinsa na juyawa. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi a gaban maza ba.

Washegari da rana tsaka, lokacin da kowa ke kwance a gindin bishiya yana tanadin ƙarfinsa, ta sakaya zaure ta shimfiɗa buhu. Ta kwance kusoshin ƙafar injin tana zubawa a faifai, ta sauke ƙafar da ƙyar, ta buɗe gidan robar. Tsohuwar robar ta narke ta manne, fukafukanta sun karkarye. Ta kankare da wuƙar yankan kuɓewa, ta tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya da tsinke don kada su toshe hanyar ruwa, ta ɗauko sabuwar daga ƙasan jere, ta shafa mata giris ta zura tana murza sandar da robar ke hawa ta hannun dama yadda ta ga Nababa na yi. Mayar da ƙafar ya fi komai ba ta wuya. Sai da ta sauke ta mayar har hannunta ya daddauje kafin ta ji ta zauna daidai.

Inna Asama'u ta ce, "Hure, me kike dafawa mai warin giris?"

"Shara nake, Inna."

"Ni makauniya ce, ba kurma ba. Sharar da ake yi da sifana ban taɓa jin ta ba." Sannan tsohuwar ta ƙara da cewa, "Na ci tafasa a yunwar da ta wuce ban mutu ba, zan ci a wannan. Ban ji komai ba."

Sai dai gyaran ya zo da nasa ƙunci. Ba ta da halin gwadawa. Ja ɗaya, gari duka zai ji, gobe Alhaji ya dawo. Ba ta san ko ta sa robar daidai ba, ba ta san ko zafin nan ya taɓa wani abu a ciki ba. Abin da ya rage mata shi ne ta ɗiga baƙin mai ta ramin fulogi, ta ja igiya a hankali ba ƙara, ta shafa giris, ta rufe shi da tsohon buhu kamar abin da aka fid da rai da shi. Ta daina zuwa kududdufi, matan suka ce ai jaririn ya koma inda 'yan'uwansa suka tafi. Wannan ma ta haɗiye.

Kwanukan jerenta ta shiga aikawa kasuwar Makoda ɗaya bayan ɗaya, ana kawo mata tiyar jar masara. Tana raba ta biyu, rabi ta aika gidan Muhammadu Sani ba tare da ta ce komai ba, don ta san yaransa dusa suke ci. Nan ne abin ke cin ta. In ta ga ɗan ƙaraminsu ya wuce da ciki a gaba da ƙafafu kamar sillen kara, sai buhunan geron nan su tsaya mata a ido. Tsoro take ji ƙwarai, tsoron kada ta zama ita ce mai laifi, kada Inna ko wani yaro ya mutu saboda taurin kanta. Sau da yawa ta ɗauki mayafi za ta je ta faɗa, ta kai zaure ta dawo. Gero buhu nawa ne zai kai su kaka? In an cinye, injin ba zai dawo ba har abada, gidan nan kuma ba shanu, ba ɗa namiji, ba komai sai shi.

Ashe shirun ma ba zai tsare mata shi ba. Wata safiya Muhammadu Sani ya aiko cewa ya samu masu ƙera tukwane, irin waɗanda ke narka tsohon ƙarfe mara nauyi su zuba. Sun ce jikin injin jirgi ya fi komai kyan tukunya. Za su zo ranar kasuwa da guduma su farfasa su auna. Da babu gara ba daɗi, in ji shi.

Hure ta zauna ta dubi abin ta kowane gefe. In ta yi shiru, guduma. In ta yi magana, Dawanau. Kuma ko maganar ta yi, wa zai yarda da matar da ta kashe inji da wanka, sai ya ji da kunnensa? Ta fito da randar ta duba, ruwan ya tsotse saura ɗan na gindi, tulun ɗebowa kuma ta fasa. Ta ce a ranta, to, su zo, sai dai gudumar ta fara sauka a kaina.

Ana gobe kasuwa, da azahar, iska ta tsaya cik. Zafi ya yi nauyi har kaji suka buɗe baki. Inna Asama'u ta ɗaga hanci ta ce, "Hure, kwashe shanya." Hure ta ce ba ta yi shanya ba, me ake da shi na shanyawa. Ta ɗaga kai, sai ga gabas ta yi baƙi ƙirin. An sha ganin irin wannan hadarin ya watse, ba wanda ya yarda da shi. Amma wannan bai watse ba. Ya yi tsawa guda, ya sako, ruwa irin wanda yara ƙanana a garin ba su taɓa gani ba. Ƙamshin ƙasa ya tashi, mata suka shiga guɗa a gidaje, ana fito da duk abin da ke riƙe ruwa.

Hure ba ta fitar da ko ƙwarya ba. Ta yaye rumfar karan, ta bar ruwan farko mai dattin soro ya zube a ƙasa, sannan ta bar indararo ya yi ta kwarara cikin duro. Ruwan da take wuni tana jido shi a ka, ga shi yana zuwa da ƙafarsa. Ya rufe farfela, ya haura inda Nababa ya yi alama da ƙusa. Ta mayar da fulogi, ta jona tiyo, ta matsa mai. Ta ɗaure zane a ƙugu, ta kafa ƙafa a jikin turke, ta ce bismillahi ta ja.

Bai kama ba. Ta sake ja, ya yi tari ya yi shiru. Ruwa na shiga idonta, hannunta na santsi. Ta goge shi a zane ta ce, "Wallahi ba ka isa ba. Ban sha zagi a kanka don ka kunyata ni ba." Ta ja da duk ƙarfin da jar masara ta bar mata.

Ya kama. Duro ya shiga tafasa, shuɗin hayaƙi ya bi ƙasa cikin ruwan sama. Hure ba ta saurari ƙarar ba, idonta na kan hudar nan. Ba komai. Ta ƙura ido, hannunta a kan makashi. Sai ga ɗigo, sai ga wani, sai ga shi ya tsarto siriri, miƙaƙƙe, har kan ƙafarta. Ta tara tafin hannu ta ji shi da ɗumi-ɗumi.

Inna ta ɗaga murya daga ɗaki, "Yana yi?"

"Yana yi, Inna!"

Ƙarar ta ratsa katanga duk da ruwan. Kafin a ce me, zaure ya cika. Muhammadu Sani ya shigo jiƙe sharkaf, hula a hannu, Basiru na bayansa. Ya tsaya yana kallon injin, yana kallon Hure. Da ya samu bakin magana, ba murna ce ta fito ba.

"Ashe da ransa? Da ransa kika bar mu? 'Ya'yana na cin dusa, ke kina nan kin rufe buhunan gero da tsumma!"

Wannan karon ba ta durƙusa ba. Ta tsaya tsakaninsa da injin, ruwa na bin fuskarta. Ta ce, "Na ɓoye, Yaya. Kun tayar da shi a bushe kun ƙona robarsa, na canja, na yi shiru. Ban ji daɗin dusar yaranka ba, Allah ne shaidata, kwanukana ma sun shaida. Amma in aka sake, zan sake."

"Maigidanki ya ce a sayar!"

"Ya faɗa da yunwa a bakinsa. Ranar da ya ba ni amana da hankalinsa ya ba ni, ita na riƙe." Ta nuna gabas da hannu. "Ka ji abin da ke sauka. In ya ɗore, rafi zai kawo, dam zai koma inda yake. Gonarka mai kyau a ina take? Yau za ka ratsa da ƙafa ka shuka. Ranar noma fa? Ranar da za ka kwaso dawa? Sai ka tsaya a gaɓa kana hango ta, ka aika Dawanau a tambayi Alhaji ko zai ara maka, ko ka shiga tukunya ka ƙetare."

Wani a zaure ya yi dariya ya maza ya haɗiye. Yawancin waɗanda ke tsaye a wurin gonakinsu na ƙetare, kuma kowa ya shiga lissafin nasa. Muhammadu Sani ya waiwaya. Ya dubi ɗakin mahaifiyarsa ko za ta sa baki, tsohuwar ta shiga jan carbi kamar ba ta gidan.

Hure ta juya ga Basiru. "Kai ka kawo saƙo, kai za ka san yadda amsa za ta koma. A faɗa masa ban sayar ba, ba kuma zan sayar ba. A ce injinsa na fitsari. In ya ga dama ya zo ya ɗora shi a jirgi. In bai zo ba, na san inda ake maƙala shi."

Basiru ya ce, "Za a faɗa, Hure."

Muhammadu Sani ya daɗe yana murza hularsa, ruwa na tsiyaya daga gemunsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Jirgin ai rana ta tsattsage shi. Ko an sa shi a ruwa nutsewa zai yi. Sai an cusa auduga an bi da kwalta."

Ta ce, "Wannan kuma aikin maza ne, Yaya. Ni na yi nawa."

Wani daga cikin masu kallo ya matso ya kai hannu zai kashe mata injin. Ta buge hannun. Ta sunkuya ta cire tiyon mai da kanta, ta tsaya a kansa cikin ruwan, kowa na jira, har ya shanye na cikinsa ya yi shiru.